Me ya sa har yau ake maganar wasan Boise State da Oklahoma na 2007?

Tambaya: Na ga wani gajeren bidiyo na ƙwallon Amurka. Mai jifa ya yi kamar ya wurga ƙwallo, ashe ya ɓoye ta a bayansa, wani ya karɓe ya ruga ya ci. Da aka tashi kuma sai ga shi ya durƙusa yana neman auren wata yarinya a gaban kyamara. An rubuta Fiesta Bowl 2007. Wasan cin kofin ƙasa ne? Kuma ba sa'a da wayo kawai suka ci da shi ba?

Amsa: Malam, tambayarka biyu ce a haɗe, kuma sai an warware ta farko ake gane ta biyu. Wasan da ka gani ba na kofin ƙasa ba ne. An buga shi ranar 1 ga Janairun 2007 a garin Glendale na jihar Arizona, tsakanin jami'ar Boise State da jami'ar Oklahoma, a gaban mutum sama da 73,000. An tashi Boise na da maki 43, Oklahoma 42, bayan ƙarin lokaci. Na kofin ƙasa sai bayan mako guda aka yi shi, a wannan filin dai, inda Florida ta lallasa Ohio State 41 da 14. Boise ta ci duk wasanninta 13, ita kaɗai ta gama kakar ba wanda ya doke ta, amma ko a mafarki ba a sa ta cikin masu neman kofin ba.

Duk waɗanda ka gani a filin nan ɗaliban jami'a ne. A Amurka ƙwallon jami'o'i ba abin wasa ba ce, akwai jami'o'in da filinsu ke cin mutum sama da dubu ɗari. Ana buga kaka daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, sannan a shiga wasannin Bowl. Asalin waɗannan wasanni gayyata ce. Wani gari mai ɗumi a lokacin sanyi sai ya kafa kwamiti, ya kira jami'o'i biyu su zo su kara, magoya baya su biyo su, otal-otal su cika, kowa ya samu. Na farko an yi shi a Pasadena ta jihar Kalifoniya ranar 1 ga Janairun 1902, Michigan ta yi wa Stanford 49 da nema. Abin ya yi muni har masu shiryawa suka haƙura da ƙwallo, suka koma tseren keken doki, ba su dawo ba sai 1916. Orange Bowl da Sugar Bowl sun fara a 1935, Cotton Bowl a 1937. Zuwa kakar 2006 irin waɗannan wasanni sun haura 30, yawancinsu ba wanda ke tuna su bayan mako biyu.

Ita Fiesta Bowl tarihinta na da ɗan abin dariya in aka haɗa da wannan labari. An kafa ta a 1971 ne saboda manyan wasannin Bowl sun ƙi kula zakarun wani ƙaramin rukunin jami'o'i na yammacin ƙasar mai suna WAC. Arizona State, wadda take cikin rukunin a lokacin, ta gama kakar 1970 ba a doke ta ba, amma manyan suka kau da kai. Sai mutanen yankin Phoenix suka ce bari mu yi namu. Da tafiya ta yi tafiya Fiesta ta girma, musamman bayan wasan Penn State da Miami na Janairun 1987, har ta shiga sahun manya huɗu, ta daina zama gidan ƙanana. To Boise State zakarar wancan rukuni na WAC ce a 2006.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Daga 1998 zuwa 2013 akwai wani tsari da ake kira BCS. A babban mataki akwai jami'o'i 119 a 2006, ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa a wasa 12. Don haka sai a haɗa ƙuri'ar masu horaswa da ta wasu masana da lissafin kwamfuta, a fitar da jeri, ta ɗaya da ta biyu su buga wasan kofi. Sauran manyan wasannin, masu kawo miliyoyin daloli, an riga an raba kujerunsu ga zakarun manyan rukunai shida, da wata ƙofa ta musamman ga jami'ar Notre Dame. Ka ɗauka a ce a gasar Firimiya ta Ingila ba tebur ake bi ba, ƙuri'a ake kaɗawa, kuma tun kafin a fara kaka an san Leicester ba za ta kai ga wasan ƙarshe ba ko da ta cinye kowa. Haka ƙananan jami'o'i suke rayuwa. Kafin Boise, jami'a ɗaya tak daga waje ta taɓa kutsawa, wato Utah, wadda ta doke Pittsburgh 35 da 7 a Fiesta ta Janairun 2005. Sai dai Pittsburgh ta wannan shekara ba ta da wani ƙarfi, don haka wasan bai raba gardama ba. A 2006 aka ɗan sassauta doka bayan ƙorafi ya yi yawa: zakarar ƙaramin rukuni in ta shiga cikin 12 na farko, dole a ba ta kujera. Boise ta gama a ta takwas.

Dubi kuma su wa aka haɗa. Oklahoma ta ci kofin ƙasa sau bakwai, na baya-bayan nan a lokacin a 2000 ƙarƙashin kocinta Bob Stoops. Ita ke riƙe da tarihin cin wasa 47 a jere, daga 1953 zuwa 1957. Boise kuwa ta fara ne a matsayin ƙaramar kwaleji a 1932, ba ta hau babban mataki ba sai 1996. Filinta a 2006 na cin mutum 30,000, kuma abin da aka fi saninta da shi a lokacin shi ne shuɗiyar shimfiɗar filin da ta sa tun 1986. Kocinta Chris Petersen shekararsa ta farko ke nan yana jan ragama. Masu caca sun ba Oklahoma fifikon maki bakwai da rabi, kuma da yawa suna ganin an ma yi wa Boise kara.

Oklahoma ta sha wuya a kakar, wannan gaskiya ne. An kori asalin mai jifanta kafin a fara, saboda ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba a wani kamfanin sayar da motoci, aka dawo da Paul Thompson daga matsayin mai cafka ya riƙe wurin. Tauraronta mai gudu da ƙwallo, Adrian Peterson, ya karye a ƙashin wuya a watan Oktoba, wannan wasa ne dawowarsa. Amma duk da haka ta ci wasa takwas a jere, ta ɗauki kofin rukunin Big 12, kuma ɗaya daga cikin wasanni biyun da ta faɗi, na Oregon, kuskuren alƙalai ne da har aka dakatar da su aka ba da haƙuri. Ba gurguwar ƙungiya aka kawo wa Boise ba.

Tunda an tabo maganar kuɗi, a wancan zamani haramun ne ɗan wasan jami'a ya ci riba da sunansa. Ian Johnson, wanda ka gani ya ci makin ƙarshe, yana saƙa hulunan ulu da hannunsa yana sayarwa. Da ya yi suna sai NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta hana shi. Wasan da zai buga kuwa miliyoyi ake juyawa a kansa. Sai a 2021 aka sauya wannan doka.

Kafin mu shiga wasan, ga ɗan abin da za ka riƙe. Tsawon fili yadi 100 ne, da gidan maki a kowane ƙarshe. Kowane ɓangare mutum 11. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shi ya sa yawanci a dama ta huɗu ake dirka mata ƙafa a sallama ta can nesa, sai in lokaci ya ƙure. Kai ƙwallo gidan maki, wato tacdawun, maki shida ne. Bayansa sai ka zaɓa: ka buga tsakanin sanduna ka ƙara ɗaya, ko ka sake yunƙurin shiga gidan daga yadi uku ka ƙara biyu. Bugun sanduna a tsakiyar wasa maki uku ne. Jifa gaba sau ɗaya ake yi a kowace dama, amma miƙa ƙwallo baya ko gefe ba iyaka, a ko'ina a fili. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau. Wasa zango huɗu ne, kowanne minti 15.

Abin da gajeren bidiyo ba ya nunawa shi ne Boise ce ta juya wasan kusan zango uku, kuma ba da wata dabara ba. Tun a farko mai jifanta Jared Zabransky ya sami Drisan James da jifan yadi 49. Ba a jima ba ƙwallo ta suɓuce wa Thompson kusa da gidansu, Johnson ya shiga, 14 da nema. Oklahoma ta farfaɗo ta sami goma, amma dab da hutun rabin lokaci James ya sake karɓa, ya kuɓuce wa masu kama shi, ya ci daga yadi 32. A zango na uku mai tsaron baya Marty Tadman ya cafke jifan Thompson ya ruga da shi har gida. Allo ya nuna 28 da 10. Shi kuwa Peterson, wanda aka ce zai tattake su, an ɗaure shi tamau. Duk wasan yadi 77 ya yi a ɗauka 20, kuma 25 daga ciki a gudu ɗaya ne na ƙarin lokaci. Wato a minti 60 na asalin wasa, mutumin da bayan 'yan watanni zai kafa tarihin gudun yadi 296 a wasa ɗaya a gasar ƙwararru ta NFL bai kai yadi uku a kowace ɗauka ba. Wannan aikin ƙarfi ne da tsari, ba a yin sa da wayo.

In ma sa'a ake nema, Oklahoma ce ta fara samunta. Ta sallama ƙwallo da ƙafa, ƙwallon ta yi tsalle ta taɓa ƙafar wani ɗan Boise da ya ba ta baya yana tare mutum. A doka da zarar ta taɓa shi ta zama ta kowa. 'Yan Oklahoma suka faɗa mata kusa da gidan Boise, Peterson ya shiga, 28 da 17. Daga nan iska ta juya. Bugun sanduna ya mai da shi 28 da 20. 'Yan bayan Boise sun fara haki, ga su ba su da yawan 'yan canji irin na babbar jami'a, kuma a nan ne ainihin bambancin manya da ƙanana yake, ba a mutum goma sha ɗayan farko ba.

Saura minti 1 da daƙiƙa 26 Thompson ya yi jifa, hannun wani ɗan Boise ya taɓa ƙwallon, ta kauce ta faɗa hannun Quentin Chaney a gidan maki. 28 da 26, dole su nemi maki biyu. Sau uku aka yi yunƙurin nan. Na farko ya faɗi amma aka kama Boise da laifi. Na biyu ya shiga amma aka kama Oklahoma da laifi. Na uku Juaquin Iglesias ya cafke, aka yi kunnen doki. Boise ta karɓi ƙwallo, a dama ta farko Zabransky ya wurga gefen fili inda ba nasa, Marcus Walker ya cafke ya shige gida. Saura minti 1 da daƙiƙa 2, Oklahoma 35, Boise 28. Maki 25 a jere ba amsa.

Wanda ya san Zabransky a lokacin zai ce halin ne ya dawo. A wasan farko na kakar 2005 Boise ta je Georgia da niyyar nuna wa duniya ta girma, shi kuma ya zubar da ƙwallo sau shida kafin hutun rabin lokaci, aka yi musu 48 da 13. Tabon nan yana bin sa. Ga shi kuma a wasa mafi girma a tarihin jami'arsu, ya miƙa wa abokan gaba nasara da hannunsa. Dare ya yi nisa a gabashin Amurka, da yawa sun kashe talabijin a nan.

Ya dawo fili ya sami Derek Schouman da dogon jifa, sai aka kayar da shi a baya, jifa biyu suka faɗi ƙasa. Dama ta huɗu, suna tsakiyar fili daidai, suna bukatar yadi 18, saura daƙiƙa 18. A irin wannan hali masu tsaro sun san abin yi: su ja baya, su bar ka ka kama ƙwallo a gabansu, su taru su danne ka kafin ka kai layin. Haka Oklahoma ta yi, kuma daidai ne. James ya fito daga hagu ya yanko tsakiya, ya cafke a yadi 35, saura uku ya kai layi. Ya ci gaba da taku zuwa dama kamar mai neman waɗannan ukun, masu tsaro suka karkato kansa gaba ɗaya. A daidai lokacin Jerard Rabb ya gifta ta bayansa a guje zuwa hagu, James ya cilla masa. Duk wanda zai kama Rabb nauyin jikinsa ya riga ya tafi ɗaya ɓangaren. Ya bi gefen layi ya yi tsalle ya faɗa kusurwar gida, saura daƙiƙa bakwai. Aka buga ɗaya, 35 da 35. Maki 22 ke nan aka ci cikin daƙiƙa 86.

Wannan dabara suna da suna a wurinsu, Circus, kuma suna maimaita ta a atisaye duk kaka. Dalilin da ya sa ba a cika ganin irinta ba shi ne tana da wuyar saiti. In Rabb ya riga da taku ɗaya, ƙwallon za ta zama jifa gaba, laifi ne. In ya makara, an riga an rungume James. In James ya cilla da wuri, masu tsaro ba su gama karkata ba. Mutum biyu a guje, suna fuskantar ɓangarori daban, su haɗu a taku ɗaya, wannan ba ya faruwa don an yi sa'a.

Ƙarin lokaci a ƙwallon jami'o'i ba agogo. Ana ba kowane ɓangare ƙwallo a yadi 25 daga gidan abokin hamayya, in an yi daidai a sake zagaye. Oklahoma ta fara. Miƙawa ɗaya aka yi wa Peterson, ya ratsa ta hagu ya shige kamar ba mutane a filin. 42 da 35. Wannan gudu shi ya yanke wa kocin Boise, Petersen, shawarar da zai yi nan gaba, domin ya nuna masa 'yan bayansa sun ƙare.

Boise ta lallaɓa da ƙyar har yadi biyar, ta sake tsintar kanta a dama ta huɗu, tana bukatar biyu. Sai Zabransky ya bar wurinsa ya yi hagu kamar mai cafka. Aka miƙa ƙwallo kai tsaye ga Vinny Perretta, wanda ba mai jifa ba ne. Ya ruga dama kamar zai kutsa da kansa, masu tsaro suka taso masa, ya ɗaga ta sama ta wuce kawunansu, Schouman ya cafke a gida. A ganina wannan ce ta fi sauran biyun ganganci, ko da yake ita aka fi mantawa. Kakar shekara guda cur, a dama ta ƙarshe, ka cire ƙwallo daga hannun mai jifanka ka ba wanda ba sana'arsa ba. Da ta faɗi da har yau ana zagin kocin.

42 da 41. Bugun maki ɗaya kusan tabbas ne, a tafi zagaye na biyu. Neman biyu kuwa a jimlace ba ya cika kai rabi da rabi. Petersen ya ce biyu za su nema. Mutane na kiran wannan jarumta, ni lissafi nake gani. Kowane sabon zagaye na nufin a sake tsayar da gajiyayyun yara a gaban Peterson. Idan damarka ta cin dogon ƙarin lokaci ta yi ƙasa da damarka ta cin yadi uku da dabarar da ka yarda da ita, to mai hankali yadi ukun zai zaɓa. Mai ƙaramin ƙarfi gajarta faɗa yake yi.

Ga abin da ka gani a bidiyon, a hankali. Boise ta jera masu cafka uku a dama. Duk mai tsaron da ya yi nazarin faifan wasanni ya san irin wannan jeri na nufin jifa mai sauri zuwa gefe, biyu su tare hanya, ɗaya ya shige. Zabransky ya karɓi ƙwallo, ya juya dama, ya wurga hannun dama da ƙarfi har ƙarshe, hannun ba komai. Ƙwallon na hannun hagu, ya zagaya da ita bayan ƙugunsa. Johnson na tsaye a baya kamar abin bai shafe shi ba, ya ɗan jira, sannan ya zare ta ya yi hagu. Masu tsaron tsakiya sun riga sun yi taku zuwa dama, idonsu na sama suna neman ƙwallon da ba ta tashi ba. Ya shiga gida ba wanda ya taɓa shi, ya wurga ƙwallon cikin 'yan kallo. Ana kiran dabarar Statue of Liberty, da sunan mutum-mutumin nan na New York mai ɗage hannu sama, kuma tun farkon ƙarni na 20 ake yin ta. Tsufanta ne ma ya sa ba wanda ya zaci za a fito da ita a irin wannan wuri.

Amma ka sake kallo, ka bar Johnson, ka dubi gefen hagu na layin Boise. Akwai 'yan Oklahoma da ba su ruɗu ba, an dai toshe su ne. Babban mai tare hanya a wannan gefe shi ne Ryan Clady, wanda Denver ta ɗauka na 12 a zaɓen 'yan wasan NFL na 2008, ya zama cikin gwanayen matsayinsa. Ɓoye ƙwallo na saya maka rabin daƙiƙa ne kawai. In ba ka da wanda zai riƙe ƙato a gefe, rabin daƙiƙar ba ta kai ka ko'ina.

Neman auren kuwa gaske ne, ba shiri ba ne na talabijin. Yarinyar ita ce shugabar 'yan matan da ke rawa da kirari a gefen fili don ƙungiyar Boise. Ana cikin hira da shi kai tsaye a tashar Fox ya durƙusa, ta amince, aka ɗaura aure a wannan shekarar.

To sa'a da wayo ne? Sa'a ta taɓa kowane ɓangare, kuma in aka ƙirga, ƙwallon da ta taɓa ƙafa da jifan da ya kauce ya faɗa hannun Chaney duk Oklahoma suka yi wa rana. Wayo kuwa akwai shi, sau uku, amma duk ukun sun ci ne saboda 'yan Oklahoma sun yi abin da aka koya musu, Boise kuma ta san abin da aka koya musun. Inda zan ja da masu zuzuta wasan shi ne cewa wai shi ne mafi kyau da aka taɓa bugawa. Wajen tsabtar wasa bai kai Rose Bowl ta Janairun 2006 ba, inda Texas ta doke jami'ar USC ta Kudancin Kalifoniya 41 da 38. A na Glendale an yi kurakurai da yawa, Thompson kaɗai an cafke masa jifa uku. Ƙarshensa ne ba a cika samun irinsa ba.

Sannan masu cewa Boise ba ta cancanci wasan kofi ba suna da hujja, ba ƙiyayya ce zalla ba. Jadawalinta mai sauƙi ne. Ta doke Oregon State 42 da 14 a Satumba, Johnson ya yi yadi 240 da tacdawun biyar, kuma wannan Oregon State ta zo ta doke USC daga baya. Amma ta sha da ƙyar a hannun San Jose State, 23 da 20. Cin wasa ɗaya bayan shirin wata guda daban ne da karawa da manya kowace Asabar. Shekara guda bayan nan Hawaii ta zo ta wannan ƙofar ba a doke ta ba, Georgia ta yi mata 41 da 10 a Sugar Bowl. Ni ma ba na jin Boise za ta iya da Florida ta wannan shekara. Matsalar ita ce tsarin bai bar wata hanyar gwadawa ba. A ƙuri'ar ƙarshe ta 'yan jarida Boise ta zo ta biyar, mutum ɗaya ne kawai ya sa ta a farko.

Abin da wasan ya yi shi ne ya hana a ci gaba da cewa ƙananan ba za su iya ba ko kaɗan. Utah ta gama kakar 2008 ba a doke ta ba, ta ci Alabama 31 da 17 a Sugar Bowl. Boise ta sake yin haka a 2009 da wasa 14. Jami'ar TCU, ita ma daga ƙaramin rukuni a lokacin, ta ci Wisconsin 21 da 19 a Rose Bowl ta Janairun 2011. Har majalisar dokokin Amurka sai da ta zauna sauraron bahasi a kan tsarin a 2009. A 2014 aka rushe BCS aka kawo gasar sili-ɗaya-ƙwale ta jami'o'i huɗu, amma kwamitin zaɓe bai saka wata ƙarama ba sai Cincinnati a 2021. Sai a 2024, da aka faɗaɗa zuwa 12 aka ware wa zakarun rukunai biyar kujera, ƙofar ta buɗe a rubuce.

Su kansu 'yan wasan, hanyoyinsu sun rabu. Peterson ya tafi Minnesota Vikings a 2007, ya zama gwarzon NFL na 2012 da gudun yadi 2,097. Zabransky ba wanda ya zaɓe shi a zaɓen 'yan wasan NFL, ko da yake hotonsa aka sa a bangon wasan bidiyo na NCAA Football 08, daga baya ya buga a Kanada. Petersen ya yi shekara takwas yana jan Boise, ya ci 92 ya faɗi 12, sannan ya koma jami'ar Washington. Bryan Harsin, wanda shi ke kiran dabarun hari a daren nan, ya dawo a matsayin babban koci, ya kai Boise Fiesta Bowl a Disambar 2014, ya sake fito da Statue of Liberty a kan Arizona. Wanda ya zari ƙwallon ya ci a wannan karo shi ne Jay Ajayi, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne. Sun ci 38 da 30.

A shekarar farko ta sabon tsarin jami'o'i 12 Boise ta samu shiga, aka kuma tura ta Fiesta Bowl, a filin Glendale, ranar 31 ga Disambar 2024. A wannan karo nasara na nufin zuwa wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa. Penn State ta doke ta 31 da 14.